Wasiƙun Gidan Waziri da Takardun Cikin Adaka

Ranar 15 ga Maris, 1903 aka gwabza a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Ba a jima ba aka watse. Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas tare da waɗanda suka zaɓi hijira, Turawa kuma suka shiga gari. Cikin abin da ya faɗa hannunsu har da tarin takardu a gidan Waziri Buhari, wasiƙun Larabci da sarakunan Kano, Zazzau, Katsina, Bauchi, Adamawa, Kwantagora da sauransu suka riƙa aikowa a shekarun ƙarshe na daular. A 1927 wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fitar da fassarar fiye da ɗari daga cikinsu da Ingilishi, aka buga a Legas da sunan The Occupation of Hausaland. Ya yi ne don 'yan uwansa Turawa su fahimci ƙasar da suka ci. Amma mu ya fi yi wa amfani, domin a cikin waɗannan takardu ne muke jin muryar waɗanda aka ci da yaƙi, da bakinsu, a lokacin da ba su san yadda abin zai ƙare ba.

Akwai dalilin da ya sa wasiƙun suka taru a wannan gida. Tun zamanin Gidado ɗan Laima, wazirin Muhammadu Bello kuma mijin Nana Asma'u, gidan Waziri ne ƙofar manyan masarautun gabas. Sarkin Kano ko na Zazzau, in yana da magana da Sarkin Musulmi, ta hannun Waziri take bi. Shi ke karɓar manzo, shi ke tafiya rangadi ya naɗa sarki ko ya sasanta rikici, magatakardansa ke rubuta amsa. Ajiye takarda wani yanki ne na aikin gidan, ana gadonsa kamar yadda ake gadon rawanin.

Wanda ya saba da wasiƙar ofis ta yau zai yi mamakin ƙanƙantar waɗannan. Warƙa ɗaya ce galibi. A sama bisimilla da salati, sai hatimin sarki, sai sunan mai aikowa da na wanda aka aiko wa, kowa da laƙabinsa daidai matsayinsa, sai gaisuwa, sannan maganar cikin layuka kaɗan. Yawancinsu ba kwanan wata, abin da ya wahalar da masana tarihi ƙwarai, sai dai su kintaci shekara daga sunan sarki ko daga wani yaƙi da aka ambata. Dalilin taƙaitawar shi ne manzo. Takarda shaida ce cewa wannan mutumin daga wurin sarki yake, sauran bayanin yana bakinsa. Asirin da ba a so ya faɗa hannun abokin gaba a hanya ba a sa shi a rubuce. Saboda haka abin da ya iso gare mu rabin zance ne, ɗaya rabin ya bi manzanni kabari. Duk da haka rabin da ya rage yana da nauyi.

Ita kanta takardar baƙuwa ce. Daga arewacin Italiya ake yin ta, ta biyo ta Tarabulus, ta ratso Sahara a bayan raƙumi. In ka ɗaga ta a hasken rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Matafiyin nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa irin wannan takarda cikin hajar da ake kawowa kasuwa daga arewa. Tawada kuwa ta gida ce, ta bagaruwa da ƙaro, alƙalami na kara. Abin da aka sayo da tsada daga bayan hamada ba a ɓarnatar da shi, shi ya sa za ka ga an cika gefe da rubutu, wani lokaci ma a juya baya a rubuta wani abu dabam.

Wasiƙun shekarun 1901 zuwa 1903 su ne masu taɓa zuciya. Bida da Kwantagora sun faɗi a farkon 1901, Yola a watan Satumba na wannan shekara, Bauchi a farkon 1902. Lamido Zubairu na Adamawa, bayan an fitar da shi daga Yola, ya rubuto Sakkwato yana bayar da labarin abin da ya same shi, yana kuma tabbatar da cewa mubaya'arsa tana nan ga Sarkin Musulmi, ba zai zauna ƙarƙashin Nasara ba. Sarkin Kano Alu ya rubuta wa Waziri cewa shi bai ga wata dabara da ta fi a bar ƙasar baki ɗaya ba. Wannan tun kafin Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903. Idan mutum ya karanta rahotannin Gwamna Lugga kaɗai, zai ɗauka sarakunan nan azzalumai ne da ba su san abin da duniya ke ciki ba, suna zaune har aka zo aka ture su. Wasiƙun sun nuna mutane masu bin labari daki-daki, masu aika 'yan leƙen asiri, masu auna abu uku da malamansu suka shimfiɗa musu: a yi yaƙi, a yi sulhu, ko a yi hijira. Sun kuma nuna rauninsu, don ba wasiƙar yabo ba ce. Akwai ƙorafin wannan sarki a kan wancan, akwai tabon basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 da bai gama warkewa ba, akwai jiran umarnin da bai zo da wuri ba. Ni a ganina wannan ne darajar takardar da ba a rubuta don tarihi ba. Mai rubuta tarihi yana da wanda yake so ya wanke. Mai rubuta wasiƙa da dare, manzo na jira a zaure, buƙatarsa kawai yake faɗa.

Akwai wata wasiƙa guda da ta nuna abin da ɓatan asalin takarda ke jawowa. Lugga ya ce a 1902 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda Attahiru ya gada, ya aiko masa da cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi, ya kuma riƙe wannan a matsayin hujjar kai hari. Fassarar Ingilishi ce ta yaɗu a littattafai. Daga baya D. J. M. Muffett, wanda shi ma tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya yi tababa a kanta a littafinsa na 1964, saboda ba a ga asalin Larabcin ba balle a gwada fassarar. Da warƙar tana nan da hatiminta, da gardamar ta mutu cikin yini ɗaya.

Waziri Buhari bai bi Attahiru zuwa Burmi ba, inda aka kashe Attahiru a watan Yulin 1903. Ya dawo gari ya zauna da Turawa, abin ya dame shi, har ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa: tsoron kada a bar jama'a ba jagora, addini ya lalace a hannunsu. Wannan ma takardar mutum ce da ke faɗa da zuciyarsa, kuma ta tsira ne saboda gidan ya ci gaba da ajiya. Ɗansa Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948 ya riƙe har rasuwarsa a 1997, shi ya tattara abin da ya rage, ya kwafe wanda ya tsufa, ya kuma buɗe ƙofa ga masu bincike. A zaurensa Murray Last ya zauna kafin ya fitar da The Sokoto Caliphate a 1967, littafin da ya dogara da rubutun mutanen daular maimakon na waɗanda suka rushe ta. A nan kuma Jean Boyd ta sami rubuce-rubucen Nana Asma'u. Abin da ɗaliban jami'a ke karantawa yau game da Sakkwato, kaso mai yawa daga gafakokin gida ɗaya ya fito. Wannan abin godiya ne, abin tsoro ne kuma, in aka tuna gobara ɗaya ta isa.

Rubuta wasiƙa ba na fada kaɗai ba ne. Fanni ne da ake koyo. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya bi hanyar fataucin goro zuwa Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi ta ƙasar Ghana a 1934, tun yana saurayi ya wallafa ɗan littafi na koyar da tsara wasiƙa: yadda ake rubuta wa sarki, yadda ake rubuta wa malami, yadda ake rubuta wa aboki. Ba a rubuta irin wannan littafi sai inda ake da masu buƙata. Fatake na aika wa iyayen gidansu lissafi, ɗalibi na neman aron littafi, mai bin bashi na tuni. A Ghadames ta ƙasar Libiya, wasu iyalan 'yan kasuwa sun adana wasiƙun da wakilansu suka aiko daga Kano da Timbuktu a ƙarni na 19, an kuma buga wasu daga ciki. Akwai farashin kaya, akwai labarin ayari, akwai gaisuwar iyali. Busasshiyar iskar hamada ta taimaka musu. Amsoshin da suka taho Kano, zuwa gidajen Larabawa na Dandalin Turawa da kewayen kasuwar Kurmi, su ne ya kamata mu nema a namu ɓangaren, a ƙasar da damina da gara ba sa raga wa takarda.

Da Turawa suka zauna, sai takarda ta yawaita, amma mai riƙe da alƙalamin ya canza. Masanin tarihi Kenneth Dike ne ya yi tsayin daka har aka kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a 1954, daga baya aka buɗe reshen Kaduna. Can aka tara fayilolin Sakataren Lardunan Arewa da na kowane lardi: rahoton razdan, rahoton di'o a kan kowace gunduma, ƙidayar masu haraji, lissafin jangali. Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a 1970 a gidan da Sardauna ya zauna, aka tara wasu takardun a can. A Kano akwai Gidan Dan Hausa, a Jos akwai tarin rubutun Larabci na gidan tarihi, a Yamai kuma akwai dubban rubuce-rubucen da aka gina a kan abin da Boubou Hama ya tattara. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin karatun Kaduna ya san daɗin buɗe fayil ya ga sunan ƙauyensu, da adadin rijiyoyi da marina da maƙera da ke cikinsa shekara ɗari da suka wuce. Ya kuma san takaicin da ke biyo baya. An ƙirga kakanninsa, an auna gonakinsu, an yanka musu haraji, amma ba a tambaye su komai ba.

Talaka yakan yi magana a waɗannan takardu ne idan ya shiga uku. A kundin shari'ar majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, wanda Allan Christelow ya fassara wani sashe, za ka ga mace ta zo neman gonar ubanta, ka ga wanda aka sace wa jaki, ka ga bawa na neman fansar kansa. A rajistar 'yantattun bayi za ka ga suna, da shekaru, da ƙabila, da kuɗin da aka biya, layi ɗaya ga mutum ɗaya. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa, don haka waɗannan layuka na kakannin mutanen da muke gaisawa da su ne a yau. Su biyun da muka fi jin labarin rayuwarsu da bakinsu, ta hannun baƙi muka ji. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, ya bi Barth zuwa Turai a 1855, wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta labarinsa da Hausa. Baba ta Karo kuwa Mary Smith ce ta zauna da ita a 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Tsohuwa ɗaya daga ƙasar Zazzau ta faɗa mana abin da fayil dubu bai faɗa ba game da aure da kishi da goyo da ƙawance da tsoron mahara. Kowace unguwa tana da irinta a lokacin, ba a dai zauna da su da alƙalami ba.

Batun hoto ya fi wannan sarƙaƙiya. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, Bello a 1837, ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana shi ga duniya a Faransa. Saboda haka duk hoton da ake liƙawa a bayan mota ko ake yaɗawa a waya da sunan Shehu, ba shi ba ne. Ina ganin wajibi ne malaman makaranta su riƙa faɗa wa yara wannan ƙarara, don mutumin da ya yi rayuwarsa yana yaƙi da ƙarya bai cancanci a jingina masa fuskar wani ba. Shehu Laminu na Borno an zana shi a littafin tafiyar Denham da Clapperton na 1826, amma zane ne na idon baƙo. Na'urar hoto da kanta tare da mai bindiga ta iso mana. Hotunan farko na sarakunanmu jami'ai da 'yan mishan ne suka ɗauka, su suka zaɓi inda za a tsaya da wanda zai zauna a ƙasa, kuma yawancin hotunan suna Ingila, Jamus da Faransa. Sau da yawa an rubuta sunan Baturen da ke ciki a ƙasan hoton, sauran mutane goma kuwa ba suna.

Sai daga baya hoto ya zama namu. Mai hoto ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa ko kusa da gidan waya, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Aka fara hoton fasfo na maniyyata, hoton 'yan makaranta a jere, hoton amarya da ƙawayenta, hoton sallah da sabon ɗinki, ga labule mai zanen bene a baya. Mutum ya sa agogo ya tura hannun riga don a gani, wani ya jingina da sabon kekensa, wani ya rungumi rediyo. Kada a raina waɗannan. Su ne karon farko da talaka ya zaɓi yadda yake so a tuna da shi. Daga hoto ɗaya mai lura zai karanta ɗinkin zamanin, da kafin hula, da ɗaurin kallabi, da irin kitso, har da tsagen fuska da yanzu ya kusa ɓacewa.

Haka ma wasiƙa. Da boko ya bazu, ga ajami da ma yana nan, sai ta shiga kowane gida. Wanda bai iya rubutu ba ya je wurin mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya, ko ya kira ɗan makaranta ya zaunar da shi a kan tabarma. A fara da cewa takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, a bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, sai can ƙasa a faɗi abin da ya sa aka rubuto. A sa a ambulan, a manna kan sarki, ko a ba direban mota. Sojojinmu da aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu sun rubuto gida. 'Yan ci-rani a Kurmi da Gwanja sun rubuto. Zuriyar waɗanda suka bi hanyar gabas bayan Burmi, suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, sun yi ta musayar saƙo da dangi ta hannun alhazai. Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun da ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kan kujerar edita, ta buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, kuma waɗannan sun tsira saboda an buga su. Na cikin gida fa?

Na cikin gida suna adaka, ko ƙarƙashin gado cikin tsohuwar jakar fata. Rasiɗin haraji, takardar sayen gona da sunayen shaidu, takardar rabon gado daga kotun alƙali, littafin sallama daga soja, fasfon hajjin jirgin ruwa, katin makarantar elementare, hoton da bayansa ke da kwanan wata da rubutun hannu. Maigida ya san kowace, yakan fito da su in rikicin iyaka ya taso. Ranar da ya rasu aka zo rabon gado, sai a ƙirga gida da gona da tufafi da littattafan addini, a ware takardar fili saboda tana da kuɗi a ciki, sauran a ce tarkace ne. Wasu su tafi wurin mai ƙosai da mai tsire. Wasu gara ta cinye a ɗakin da aka rufe. Wasu kuma, musamman na ajami da Larabci, ladabi ne ke hallaka su: an ga bisimilla a sama, ana tsoron kada a taka sunan Allah, sai a ƙone ko a binne. Niyyar mai kyau ce, kuma wannan ladabin ne ya sa wasu gidajen suka adana duk wata warƙa mai baƙaƙen Larabci har ta kai yau. Bambancin kawai shi ne ko akwai wani a gidan da zai karanta kafin a yanke hukunci. Masu iya karanta ajamin hannun dattawa kuwa raguwa suke yi kowace shekara.

Ba na cikin masu cewa waya ta lalata komai. Tsohuwar da da sai ta nemi yaro ya rubuta mata, ta ɓoye rabin abin da ke ranta saboda kunya, yanzu tana danna waya ta yi wa ɗanta magana da muryarta. Wannan ci gaba ne. Amma muryar tana cikin na'urar da ake canzawa bayan shekara biyu ko uku, ko a sace a kasuwa, ko ta faɗa ruwa. Warƙar Italiya ta yi fiye da shekara ɗari tana jiran mai karatu. Saƙonnin da aka yi ta aikawa a lokacin da rikici ya raba mutane da garuruwansu a Borno da Zamfara, waɗanda su ne wasiƙun Zubairu da Alu na zamaninmu, ba wanda aka ɗora wa alhakin tara su.

Ita wayar kuma ita ce mafi sauƙin magani ga na cikin adaka. Tun 2004 ɗakin karatu na British Library ke da shirin ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, an kuma yi wasu ayyukansa a Arewa. Irin wannan shiri yakan kai ga manyan gidajen malamai da ma'ajiyar gwamnati, ba zai shiga kowane soro ba. Wannan sai 'yan gida. A shimfiɗa takarda a inuwa, a ɗauki gaba da baya, kada a liƙe yagaggiya da salatif, kada a naɗe ta a leda inda gumi zai kama ta. Hoto kuma a kai wa tsohuwar gidan tun tana gani, a tambaye ta su wane ne, a gidan wa aka ɗauka, bikin wa ake yi, a rubuta a baya da fensir. A gidaje da yawa mutum ɗaya ne ya rage da zai iya faɗin sunan kowa a hoton auren 1960, kuma ya haura tamanin.